Maganar da Auta Bai Bari Yaya Ya Ƙarasa Ba

Akwai wani matashin makanike da kowa ke kira Auta, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma sunan ya bi shi har gareji. Gemu ya fito masa, hannuwansa sun yi kanta, amma direbobi ba su fasa cewa, "Ina Auta? Ya zo ya saurari motar nan."

Garejin na yayansa ne. Mahaifinsu ya rasu Auta yana aji uku a firamare, tun daga ranar Yaya ya zama uba. Shi ya ci gaba da kai shi makaranta, shi ya koya masa riƙon sufana, shi ya fara ɗora shi a kan sitiyari da matashin kai a ƙarƙashinsa don ya hango titi.

A ƙuryar garejin, bayan ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota, akwai wata ƙaramar mota mai ƙofa biyu da ke kwana cikin tamfol. Sunanta Barewa.

Yaya ya same ta ne ƙwarangwal, kaji na ƙwai a cikinta. Shekara bakwai yana gina ta. Ya cire kujerun baya don ta yi sauƙi, ya yi mata waldar ƙarafuna a ciki don kare direba, ya sa mata faffaɗan tayoyi a baya. Injin kuwa da hannunsa ya haɗa shi, kusa bayan kusa, ya ɗora masa ɗan madaidaicin turbo. Ga wanda bai san turbo ba, wata 'yar fanka ce mai siffar dodon koɗi da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Inji kuwa in ya sami iska da mai yadda yake so, sai dai a riƙe shi da addu'a.

Sau biyu a shekara, ƙungiyar masu tseren mota tana buɗe wani tsohon titin saukar jirage da ke bayan gari. Tseren nasu ba shi da kwana, ba shi da zagaye. Motoci biyu ne za su jeru, fitila ta kawo kore, su miƙe mita ɗari huɗu. Cikin daƙiƙa goma sha ɗaya ko sha biyu an gama. Aikin wata shida, sai a yanke masa hukunci kafin mutum ya gama ɗaura takalmi.

Sau uku Yaya yana kaiwa zagayen ƙarshe, sau uku yana zuwa na biyu. Wanda ke kayar da shi kullum wani ne da ake kira Guguwa, mai babban shagon kayan mota, mai wata baƙar mota da in ta yi ruri sai ka ji a haƙoranka. Yaya ba ya damuwa. Sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Barewa yarinya ce tukuna. Tana girma."

Wata safiya, yana tsugune yana kwance taya, sai sufana ta suɓuce daga hannunsa. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ya ɗago zai kira Auta, bakin ya karkace.

Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan wata biyu aka sallamo shi a keken marasa lafiya. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, harshe ya yi nauyi. Hankalinsa yana nan garau, amma kalmomi sai sun yi doguwar tafiya kafin su iso bakinsa. Su zo ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ta baya ta riga ta gaba.

A gaskiya babu wanda zai ce Auta bai yi wa ɗan'uwansa hidima ba. Shi ke ɗaga shi daga gado. Shi ke yi masa aski da gyaran fuska. Shi ke kai shi asibiti wajen gashin ƙafa, ya goya shi a matakala in na'urar hawa ta lalace. Matar Yaya takan ce, "Auta, in ka ci gaba haka, ni za a sallama daga aiki."

Abu ɗaya ne Auta ya kasa, shi ne kallon Yaya yana kokawa da magana. Mutumin da muryarsa ke cika gareji, yau shi ne ke gumi a kan kalma ɗaya. Abin yana soya masa zuciya. Saboda haka da Yaya ya fara, sai ya yi wuf ya ƙarasa masa.

"Ru... ru..."

"Ruwa? Ga shi, Yaya."

"Ta... ta..."

"Taga? Bari in buɗe."

Sau da yawa yakan dace. In bai dace ba, Yaya yakan kalle shi kawai, ya karɓi abin da aka miƙo.

Likita ya ce kada a bar shi cikin ɗaki, a riƙa kai shi inda ya saba. Sai Auta ya riƙa kawo shi gareji kullum bayan azahar, ya ajiye shi a inuwa kusa da teburin kayan aiki.

Ran nan Guguwa ya biyo. Ya gaida Yaya da ƙarfi, irin yadda ake yi wa kurma magana, sannan ya ɗaga gefen tamfol ya leƙa Barewa.

"Auta, tunda mai ita ya zama na zaune, ku sayar min. Tayoyin bayan nan za su yi wa motar ɗaukar kayana kyau."

Auta ya ga yadda hannun hagun Yaya ya damƙe hannun keken.

"Ba ta sayarwa ba ce," ya ce. "Mu haɗu a layin tsere."

Guguwa ya yi dariya har da tafi. "Ashe ɗan tsako ya fara cara. To, Allah Ya kai mu."

Tun daga ranar Auta bai ƙara samun natsuwa ba. Ya ƙudura a ransa sai ya kawo kofin tseren nan ya ɗora a cinyar Yaya. Ya zauna ya yi nazari, ya ga abin da Guguwa ya fi su da shi ƙarfin inji ne. To, ƙarfi ai sayensa ake yi. Ya yi odar wani turbo da ya kusa ninka na da, da manyan bututai, da sabuwar salansa mai faɗin baki. Ya kira mai kwamfuta ya sake wa motar lissafi don ta karɓi iska mai yawa.

Ranar da turbon ya iso, ya fito da shi daga kwali yana ƙyalli, ya kai wa Yaya kamar mai nuna jariri.

"Ka gani, Yaya? Wannan karon Guguwa sai dai ya ga ƙurarmu."

Yaya ya juya turbon da hannun hagu. Ya leƙa bakinsa, ya kalli Barewa, sai fuskarsa ta sauya.

"Mai..." ya ce. "Mai..."

"Mai na nan, tanki cike yake."

Yaya ya girgiza kai. Jijiyar wuyansa ta miƙe. "Mai... fam... fam..."

"Famfo?"

Yaya ya gyaɗa kai da sauri, idonsa ya yi haske.

"Au, mai famfo! Famfon gida ne ya lalace? Kada ka damu, gobe zan turo shi."

Kafin Yaya ya sake buɗe baki, Auta ya koma ƙarƙashin bonet.

Washegari kuwa sai ga mai gyaran famfo a gida da jakar kayan aikinsa. Ya duba na tsakar gida, ya duba na banɗaki, ya hau ya leƙa tankin ruwa. Bai ga ko ɗigo ba. Matar Yaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Bawan Allah, wa ya ce maka famfonmu ba shi da lafiya?" Da Auta ya dawo ta tare shi da tsiya, suka yi ta dariya. Yaya na jin su daga ɗaki, bai yi dariya ba.

Kwana uku yana maimaita kalmomin nan biyu a gareji. A rana ta uku har ya bugi hannun kekensa, kofin shayinsa ya faɗi ya fashe. Auta ya fito daga ƙarƙashin mota, ya tsince fasassun, ya dafa kafaɗarsa. Cikin murya mai taushi ya ce:

"Yaya, don Allah ka daina wahalar da kanka. Ka huta. Ka bar mini komai, na iya."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma daga wannan rana Yaya bai sake cewa uffan a gareji ba. A gida ma sai nuni da hannu. Matarsa ta fara damuwa, likita ya ce jikin Yaya ya koma baya. Auta ya ɗauka ciwon ne, ya ƙara ƙaimi a kan mota don ya faranta masa.

Saura wata biyu tsere, ƙungiya ta buɗe titin don gwaji. Auta ya sa hular kwano, ya ɗaura bel, ya taka totur.

Bai taɓa jin abu irin wannan ba. Barewa ta manna shi da kujera. Giya ta ɗaya, ta biyu, allurar gudu na hawa kamar an kore ta. Ya sa ta uku yana ihu shi kaɗai cikin hula.

Sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Sai wata ƙara guda ɗaya. Farin hayaƙi ya turnuƙe gilashi, motar ta gangara ta tsaya a tsakiyar titi.

Da igiya aka jawo ta gareji. Auta ya kwance kan injin. Fistin na uku ya huje, rami a tsakiyarsa kamar an sa masa wutar walda. Ya zaro filogi, ya ga bakinsa fari fat kamar alli. Kowane makanike ya san ma'anar wannan: iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, inji ya ƙone da ƙishi.

Ya bi layin mai da yatsa, daga inji har zuwa tanki. A can ya tarar da shi, ɗan ƙaramin famfon da ke turo mai, wanda Yaya ya sa daidai da ƙaramin turbo. Ba zai taɓa iya ciyar da babba ba.

Famfon mai.

Auta ya zauna daɓas a ƙasa cikin baƙin mai. Mai, famfo. Kalmomin ne suka zo wa Yaya a juye. Kwana uku mutumin nan yana ƙoƙarin ceton injin da ya haɗa da hannun da yanzu ba ya motsi, shi kuma ya aika masa mai gyaran famfon wanka.

Bai iya shiga wajen Yaya kai tsaye ba. Ya wuce ɗakin mahaifiyarsu, ya zauna a bakin gadonta da kayan aikinsa, ya kwashe komai ya faɗa mata. Mama tana ninke wanki, ba ta katse shi ba har ya gama.

"Na kashe masa mota, Mama."

"Mota ƙarfe ce," ta ce. "Ba ita ka kashe ba."

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Kai ba za ka tuna ba. Kana ƙarami in'ina gare ka, mai tsanani. Kafin ka ce a ba ka ruwa, wani ya je rijiya ya dawo. Ni kaina da na haife ka, in ina cikin aiki nakan ƙarasa maka don in sallame ka. Yayanka ne ya hana. Yakan ce, 'Mama, ki bar shi, maganarsa ce.' Sai ya durƙusa daidai tsayinka, ya zuba maka ido, ko abincinsa zai huce. Akwai yaron maƙwabta da ya kwaikwaye ka, yayanka ya bi shi har gaban uwarsa. A haka harshenka ya warware. Ba magani muka ba ka ba. Jira aka yi maka."

Auta ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wandonsa.

"Tausayinsa nake ji, Mama. Ba na son ganin yana wahala."

"Na sani. Amma ka duba da kyau, wahalarsa kake gudu ko taka? Tashi ka je. Kuma in ka je, ka bar bakinka a nan ɗakin."

Ya tarar da Yaya a tsakar gida, yana fuskantar bango. Ya zagaya gabansa ya durƙusa, ya ɗora masa hujajjen fistin a cinya.

"Famfon mai kake nufi," ya ce. "Ka gafarce ni, Yaya."

Yaya ya ɗauki fistin, ya zura ɗan yatsa a ramin. Sannan leɓɓansa suka fara motsi.

"Ka... ka..."

Kalmomi goma suka taso wa Auta a baki. Ka kashe ta? Ka cuce ni? Ka tashi? Ya cije leɓe ya haɗiye su duka. Matar Yaya ta fito da bokiti, ta ga abin da ke faruwa, ta tsaya cak a inda take.

"Ka... ji... ci... wo?"

Auta ya kifa kansa a gwiwar Yaya ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Duk abin da ya zata za a ce, babu wannan a ciki.

Washegari aka kafa sabuwar doka a gareji. In Yaya ya ɗaga hannu, a kashe rediyo, a kashe injin walda, mai guduma ya ajiye. Direban da ke sauri, ya jira ko ya dawo gobe.

Abin bai zo da sauƙi ba. Wata jimlar takan ci minti biyar. Sau da yawa Auta ya san ƙarshenta tun daga farko, sai ya sa hannu a aljihu ya mintsini cinyarsa. Abin mamaki, sau da yawa kuma ƙarshen ba shi ne abin da ya zata ba.

A haka suka sake haɗa injin. Hannu na Auta, kai na Yaya. Yaya ya sa aka canza duka fistin huɗun da masu jure zafi. Ya sa aka kawo babban famfon mai da manyan nozul masu fesa mai cikin inji. Ya sa aka ƙarfafa kuloci. Da aka zo kan turbo, Auta ya ɗauko babban, Yaya ya girgiza kai.

"Ra... ge... masa."

"A rage masa ƙarfi? Yaya, Guguwa fa..." Ya kama bakinsa. Ya jira.

"Ƙarfin... da... taya... ba ta... riƙe ba... haya... ƙi ne."

Auta ya rage. Zuciyarsa ba ta so ba, amma ya rage.

Ranar da aka tayar da injin, Yaya ya sa aka tura kekensa har jikin motar. Ya ɗora tafin hagunsa a kan murfin injin, ya rufe ido yana saurare. Can sai rabin bakinsa mai motsi ya yi murmushi, karo na farko tun kwanciyarsa.

A gida ma aka ga canji. Wanda ake jira ya yi magana, sai ya ƙara yi. Kalma biyu ta zama huɗu. Matar Yaya ta ce wa Auta, "Kai ka jawo mini. Jiya sai da ya yi minti goma yana haɗa magana, na bar tukunya a wuta ina jira, ashe cewa zai yi gishiri ya yi yawa." Tana faɗa tana dariya, tana goge ido da gefen mayafi.

Ranar tsere ta zo. Jama'a sun cika bayan shinge, motar asibiti da ta kashe gobara na tsaye a gefe. An ajiye Yaya a rumfar makanikai, matarsa na riƙe masa da lema.

Barewa ta ci zagayen farko cikin sauƙi. Ta ci na biyu da ƙyar. Zuwa la'asar aka rage su biyu, ita da baƙar motar Guguwa.

Kafin zagayen ƙarshe wata mota ta tsiyayar da mai a wajen tashi. Ma'aikata suka zuba garin da ke tsotse mai suka share, aka ɗan yi jinkiri. Hadari ya taso ya rufe rana, iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Auta yana duba bel ɗinsa, bai lura ba, Yaya ya sa matarsa ta tura shi har bakin titi. Ya sunkuya da ƙyar, ya shafa kwalta da tafin hannu, ya murza yatsunsa. Sannan ya yi mata nuni su koma da sauri.

Lasifika ta kira lambar Barewa. Dokar wurin ita ce, in an kira ka, minti uku gare ka ka iso layi, in ba haka ba an ba abokin karawarka nasara. Guguwa tuni ya isa, yana ta ɗumama taya, hayaƙi na tashi.

Auta ya sa ƙafa ɗaya cikin mota, sai ya ji an riƙe masa hannun riga.

"Is..." in ji Yaya. "Is..."

Gaggawa ta sa harshen ya ƙara ɗaurewa. Gumi ya karyo masa. Lasifika ta sake kira.

"Auta, ana kiranka fa," matar Yaya ta faɗa a hankali.

Auta ya kalli layi. Ya hango alƙalin tashi yana duba agogo, ya hango Guguwa ya zuro hannu ta taga yana yi masa alamar ya zo mana. Wata shida na aiki, ga shi yana tsiyaya kamar ruwa a kwando. Zai iya cewa "To, Yaya, na ji," ya ja mota. Babu wanda zai zarge shi.

Ya fito da ƙafarsa daga motar. Ya cire hular kwano, ya durƙusa daidai fuskar Yaya.

"Ina jin ka, Yaya. Ba inda za ni."

Yaya ya ja dogon numfashi. Kafaɗunsa suka sauka.

"Is... ka. Tayar... baya. Ra... ge."

Ya ɗaga yatsu biyu.

Auta ya fizgi ma'aunin iska daga aljihu, ya faɗa kan tayar dama, ya rage awo biyu. Ya zagaya ta hagu, ya rage biyu. Lasifika ta yi kiran ƙarshe. Ya faɗa mota, ya ɗaura bel, ya iso layi alƙali na shirin ɗaga hannu.

Fitilu suka fara saukowa. Rawaya, rawaya, rawaya. Kore.

Guguwa ya sakar wa motarsa duk ƙarfin da take da shi. Amma kwalta ta yi sanyi, ga sauran garin da aka share. Tayoyinsa suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna ihu, hayaƙi ya lulluɓe shi, bayan motar ya yi gefe. Tayoyin Barewa kuwa, da yake sun yi laushi, sai suka baje suka kama ƙasa. Ta ɗan tsuguna ta baya, ta yi tsalle ta fita.

Auta bai waiwaya ba. Giya ta biyu. Ta uku. A rabin hanya ya fara jin rurin baƙar motar a kunnensa na hagu, tana cin tazarar kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Hancinta ya iso tayarsa ta baya. Ya iso ƙofa. Sai layin ƙarshe ya wuce ta ƙarƙashinsu.

Fitilar nasara ta kama a ɓangaren Barewa.

Bai tsaya karɓar hannun kowa ba. Ya juyo da motar har rumfa, ya fito ya ratsa mutane ya durƙusa gaban keken. Matar Yaya ta yar da lema tana kuka tana hamdala. Jama'a suka kewaye su ana ta sowa.

Yaya ya ɗaga hannu. Makanikan garejin da suka saba da dokar suka fara cewa, "Shiru! Shiru, zai yi magana!" Wurin ya yi tsit. Guguwa ma da ya iso da hularsa a hannu, ya buɗe baki zai ce wani abu, Auta ya yi masa nuni ya dakata. Ya dakata.

"Giya... ta... uku," in ji Yaya.

Kowa ya kasa kunne.

"Ka... yi... garaje."

Dariya ta ɓarke. Auta yana dariya hawaye na zuba. "Yaya, ko yau ba za ka raga mini ba?"

Yaya ya girgiza kai, rabin bakinsa na murmushi. Ya ɗora hannun hagunsa a kan Auta, ya shafa gumin da ke gashinsa.

Guguwa ya daɗe a tsaye yana jujjuya hularsa. Daga bisani ya tako, ya tsuguna a gefen keken. Wannan karon da ƙaramar murya ya yi magana.

"Maigida, na yi maka rashin kunya a garejinka, ka yafe ni. Amma don Allah, yaya aka yi ka san titin ya canza? Ni na bi ta kansa ban gani ba."

Yaya ya kalle shi, ya gyara zama, ya fara haɗa kalmar farko. Ana ta kiran Auta a lasifika ya zo ya karɓi kofi, shi kuwa ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna kusa da su, don shi ma yana son jin amsar.

Darasi: Nauyin harshe ba ƙarancin hankali ba ne. Wanda ciwo ko tsufa ya rage wa sauri, bai rage masa sani ba, kuma yana buƙatar kunnenka kamar yadda yake buƙatar hannunka. Kana iya yi wa mutum wanka, ka ciyar da shi, ka goya shi, amma ka kashe masa zuciya da hana shi ƙarasa maganarsa. In akwai irin wannan a gidanku, yau ka zauna kusa da shi, ka ajiye waya, ka jira har ya kai aya. Ka tura wannan labari ga duk wanda ke jinyar uwa, uba ko ɗan'uwa, wataƙila shi ne abin da yake buƙatar ji.